Haraji a Kan Likkafani

Ni mai sayar da yadi ne, ɗan mai sayar da yadi. Shagonmu yana cikin birnin Zariya, in ka shigo ta Ƙofar Doka ka miƙe kamar za ka kasuwa, kafin ka kai wurin masu zare da allura. Shadda muke sayarwa, da yadin makaranta, da atamfa kaɗan saboda mata, sai kuma alawayyo, farin yadin nan da ake yin likkafani da shi. Shi alawayyon ba a gaba muke ajiye shi ba. Yana can ƙasan kanta ta ciki, a rufe da takarda, don kada mai sayen kayan biki ya ɗaga ido ya yi arba da shi, ransa ya ɓaci.

Tun ina yaro na tarar da doka a kan wannan yadi. Ban sani ba ko Baba ne ya kafa ta ko shi ma tarar da ita ya yi, ban taɓa tambaya ba. Ba a cin riba a kan likkafani, kuma ba a tsayar da wanda aka yi wa rasuwa da magana. In irin wannan mutum ya shigo, tun daga sallamarsa Baba yake gane shi, don ba ya kallon kayan da ke rataye, ƙasa yake kallo. Baba zai tambaye shi, "Namiji ko mace? Babba ko yaro?" Daga nan ya jawo bandir, ya auna, ya ɗan tsaga bakin da almakashi, ya yage, ya naɗe. Sai ya faɗi kuɗin sau ɗaya, ya ce, "Yadda muka saro shi ke nan. Allah ya jiƙan rai." Ba tayi, ba "albarka", ba "ƙara mini kaɗan". In mutum ya ɗora wani abu a kai don godiya, Baba ya mayar masa da shi cikin hannu. Kafin mutum ya gama share ido ya riga ya fita.

Saboda haka aka san mu. Manomi zai taso daga ƙauye a kan babur, ya wuce shagunan Tudun Wada gaba ɗaya, ya kutso cikin lungunan birni ya zo wurinmu. Ni kaina ina alfahari da abin, ba zan ɓoye ba. Ko da Baba ya tsufa ya damƙa mini shago, ya ci gaba da zuwa kullum da hantsi yana zama a kan buzunsa, kuma alawayyo shi kaɗai ne yadin da har lokacin yake aunawa da hannunsa. Almakashin ma a aljihunsa yake kwana.

To, abin da ya shigo tsakanin wannan doka da mu, ba wani mugun mutum ba ne. Da mugu ne ai da sauƙi, da na san wanda zan yi wa Allah ya isa. Wata makarantar kuɗi ce ta ce za ta riƙa sayen yadin ɗalibanta a wurinmu, amma sai in shagon yana da rajista, da asusun banki da sunansa, da rasit mai hatimi. Na yi ta zirga-zirga har na haɗa komai. Ranar da na kawo takardar na nuna wa Baba, bakina har kunne. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya kallona in yana mini magana. Carbinsa ya kalla ya ce, "To, tunda ka kai musu sunanka, za su zo."

Sun kuwa zo. Wani matashi ne daga ofishin haraji, mai ladabi, wallahi ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya zauna a benci, ya sha ruwan da muka ba shi. Ya yi mana bayani cewa yadda cinikinmu ya kai yanzu, duk abin da muka sayar akwai harajin da ke hawa kansa.

"Amma ba ku za ku biya ba, Alhaji," in ji shi. "Mai saye ne ke biya. Ku karɓa kawai za ku yi, ku ajiye, ƙarshen wata ku tura."

Baba ya ce, "Wato mun zama masu unguwa ke nan."

Yaron ofis ya yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce lokacin da yake saurayi mai unguwa ne ke bi gida gida yana karɓar haraji, kuma kowa ya san aikinsa ne, yana da rawaninsa, ana ba shi ladansa. "Mu me za a ba mu?"

"Babu komai, Alhaji. Doka ce kawai."

Haka na zama ma'aikacin gwamnati ba albashi, ba hutu, ba fansho. Kai, wannan aiki ya ci mini rai! Mutum zai zo ku yi ciniki, ku ja, ku sauka, ka sallama masa, sannan ka buɗe baki ka ce akwai haraji a kai. Sai ka ga fuskarsa ta canza kamar ka zura hannu a aljihunsa. "Haba Malam! Shagon can ba sa karɓa." Gaskiyarsa ne, ba sa karɓa, don su ba su kai sunansu ko'ina ba. Wata Hajiya ta taɓa ce mini in ji tsoron Allah, a gaban jama'a, a kan kuɗin da ko sisi ba zai kwana a gidana ba. Ƙarshen wata kuma in rufe shago in tafi wurin masu kwamfuta, in biya su su shigar mini da bayanai, in netwok ya ɗauke in zauna ina kallon bango har azahar ta wuce.

Ana cikin haka sai ga shekarar da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya buƙatar a ba shi labari. Ba yadda na iya, na karɓo na'urar kati, wadda kowa ke kira POS. Ranar farko har daɗi na ji, yadda take fito da 'yar takarda tana ƙara kamar gyare. Sai da aka kwana biyu na lura cewa abin da na danna ba shi ke shiga asusu ba. Duk ciniki sai ta gutsuri nata. To, wannan na yarda, mai na'ura ma abinci yake nema. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da na gane cewa ba a kan kuɗin yadina kaɗai take yanka ba, har da harajin da na ɗora a kai. Ku ji fa! Kuɗin da ba nawa ba, na karɓar wa gwamnati shi da zagi da harara, kuma a caje ni ladan karɓarsa. Gwamnati kuwa cikakke take son abinta, ba ta san an gutsura a hanya ba. Ni ne zan cike.

A kan shadda da atamfa ana iya lallaɓawa, don akwai 'yar riba da za ta shanye. A kan alawayyo babu abin da zai shanye komai. Baba zai faɗi kuɗin sari, ya yi addu'a, mutum ya miƙo mini kati, in danna daidai abin da Baba ya faɗa. Na'ura ta cire nata. Ƙarshen wata in biya harajin wannan ciniki daga aljihuna, tunda ban karɓa ba. Wato duk likkafanin da ya fita daga shagon nan, faɗuwa biyu yake bar mini. Hanya ɗaya ce ta tsayar da ita, in kalli mutumin da gawarsa ke kwance a gida ana jiran sa, in ce masa akwai haraji da caji. Abin da na yi ta gudu ke nan.

Da farko na ce sadaka ce, Allah ya karɓa. Kuma da abubuwa sun tsaya yadda suke, da har yau ina yi ban ce wa kowa komai ba. Amma makarantar nan da ta jawo mini duk wannan, ta koma sayen ɗinkakkun kaya daga wani wuri. Ita ta tafi, rajista ta zauna. Kaya suka yi ta tashi. Mutumin da a da yake ɗinka sabuwar shadda kowace salla ya koma wanke tsohuwa yana kai wa masu bugu. Mutane sun rage ɗinki, amma ba su rage mutuwa ba. Kuma da rayuwa ta yi tsanani, sai masu zuwa neman likkafani a wurinmu suka ƙaru, har daga unguwannin da ban taɓa jin an san mu ba. Akwai ranar da tun safe har la'asar ba abin da na sayar sai alawayyo. Na rufe shago na fi yadda na buɗe shi talauci.

Na koma wurin yaron ofishin nan na ce masa, don Allah ba yadda za a yi a cire likkafani daga wannan lissafi? Ya tausaya mini, na gani a fuskarsa. Ya ce shi ma a irin shagonmu aka sayo na mahaifiyarsa. "Amma Malam, a wurinmu yadi yadi ne. In ka sayar, an sayar." Na ce to in na ba da shi kyauta fa? Ya ce wannan kuma tsakanina da jarina. Na fito ina ta tsaki ni kaɗai a bakin titi, har mai keke ya ɗauka da shi nake.

Sai na gwada wata dabara, ko cajin na'ura kaɗai in tsira daga gare shi. Akwai mai POS a tsallaken layinmu, ƙarƙashin lema. Wani mutum ya zo sayen likkafanin yayansa, na ce masa ya ɗan tsallaka ya ciro kuɗi a hannu. Ya tafi. Ashe layi ne a wurin. Ina ta harkata, sai na ga Baba ya miƙa wuya yana leƙen waje. Mutumin yana tsaye cikin rana a bayan mata masu cirar kuɗin cefane, idonsa jajir, yana ta duba waya ana kiran sa daga gida.

Baba ya ce, "Je ka kira shi."

Na je na kira shi. Ban sake tura kowa can ba.

Maƙwabcina mai sayar da maɓalli da zif, abokin wasana ne, Bazazzagi ne na gaske wurin iya baki. Ya ga na rame ya ce, "Kai dai wallahi ka cika son wahala. Ka zuba komai a cikin kuɗin mana, ka faɗi abu ɗaya. Wa zai bi ka Kano ya tambayi nawa ka saro?" Na ce masa ai ba ni nake faɗin kuɗin ba, Baba ne, kuma da bakinsa yake cewa yadda muka saro ke nan. In sa wa tsoho ƙarya a baki bai sani ba? Ya ce, "To ka ce ya daina faɗin hakan." Na ce je ka gaya masa da kanka. Ya ce a'a, shi yana son ransa.

Duk da haka maganar ta zauna mini. Bayan sallar la'asar wata rana na tsaya na tambayi limamin masallacinmu. Na zayyana masa komai. Ya saurare ni sarai, ya ce abin da zan ɗora ba riba ba ce, ba kuma cin riba a kan mamaci ba ne, haƙƙi ne da aka ɗora mini, kuma halal ne in karɓa muddin na yi wa mai saye bayani. Na ji kamar an sauke mini buhu. Na wuce gida kai tsaye, na tarar da Baba a zaure yana jiran magariba. Na zauna gefe na kawo masa fatawar da zafinta.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ni na ce maka haram ne?"

Na ce a'a.

"Bayanin nan da za ka yi, shi ne abin da ba na so. Mutum ya shigo da abu ɗaya a ransa. In ka ce masa yadda muka saro ke nan, ya huta, ba zai yi tunanin ko ya taya ba, ko an cuce shi, ko kuɗinsa zai kai. Ya fita da abu ɗayan da ya shigo da shi. Kai kuma kana so ka tsayar da shi ka koya masa lissafi."

Ranar na ɗaga murya a gaban Baba, abin da ban saba ba. Na ce, Baba, zamanin da kuka yi wannan ba wanda yake tsaye a tsakaninku da mai saye. Kuɗi daga hannunsa zuwa hannunku. Yanzu mu huɗu ne a kan kowane ciniki, ni da mai saye da gwamnati da mai na'ura, kuma biyun nan ba sa zuwa ta'aziyya. Na ce masa jarin shadda nake yanka ina cike ramin alawayyo. Na ce in aka ci gaba a haka, shagon ne gaba ɗaya zai tafi, sannan ba mai samun likkafani a wurinmu ko da tsada ko da araha. Na ce na gaji. Wallahi na gaji, kuma haka na faɗa masa.

Bai yi fushi ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Shagon a hannunka yake." Aka kira salla, ya miƙa mini hannu na tashe shi.

Wannan ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne, kuma na san haka. Na yi ta jan ƙafa. Kullum in ce daga gobe, gobe ta zo mutum ya shigo yana kallon ƙasa, in danna abin da Baba ya faɗa in yi shiru. Maiɗakina ba ta taɓa sa baki a harkar shago ba, amma ita ma wata rana da take karɓar kuɗin cefane ta dube su ta dube ni, ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya. Da na je Kano sari na gaba, abin da na iya ɗaukowa bai cika kanta ba. Na dawo na yi ta baza shadda ina buɗe ta faɗi-faɗi don ta rufe guraben da ba kaya. Ina cikin yi na ga maƙwabcina yana kallona daga ƙofa. Wannan karon bai yi mini tsiya ba, ya juya ya koma shagonsa. A nan na yanke shawara cewa duk wanda ya zo na gaba, zan faɗa.

Da damina ne, an kwana ana ruwa, lungu duk ya caɓe. Da hantsi wani mutum ya sauka daga babur a ƙofar shago, taɓo har gwiwar wandonsa. Manomi ne, ba sai an gaya maka ba, hannunsa kaɗai ya isa. Zai yi sa'ana a shekaru. Ya yi sallama yana kallon ƙasa.

Baba ya ce, "Namiji ko mace?"

"Mace ce, Alhaji. Maiɗakina ce. Da asuba, a asibiti."

Muka yi salati. Baba ya jawo bandir, ya auna, ya tsaga, ya yage, ya naɗe. Ya faɗi kuɗin, ya ce yadda muka saro shi ke nan, ya yi mata addu'a. Mutumin ya laluba aljihu ya fito da kati a naɗe cikin leda. Ya ce na ƙanensa ne, shi ba shi da irin wannan. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini lambar sirrin da aka rubuta masa da biro, gumi ya fara cinye ta.

Na karɓi katin. Na ce, "Malam, akwai haraji a kai, da kuma cajin na'ura."

Ya ce, "Na'am?"

Bai ji ba, ko kuwa bai gane ba. Na so a ce ƙasa ta buɗe. Dole na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har da bayani: kuɗin da Alhaji ya faɗa na yadi ne, amma akwai na gwamnati da ake ɗorawa, akwai kuma wanda na'ura ke cirewa, ba namu ba ne, mu karɓa kawai muke yi. Ina magana ina jin muryata kamar ta wani.

Na shirya wa faɗa. Na shirya ya ce mini in ji tsoron Allah, da na san yadda zan yi da wannan, na saba. Sai mutumin nan ya rusuna, ya ce, "Af! Yi haƙuri, Malam, wallahi ban sani ba. Ban taɓa saye ba. A cire duk abin da ya kamata." Ya ƙara da cewa, "Allah dai ya sa abin da ke ciki ya kai."

Shi yake ba ni haƙuri. Matarsa tana kwance, shi yake ba ni haƙuri don bai san ana biyan haraji a kan likkafani ba.

Na danna. Ya karanto lambar daga tafinsa ɗaya bayan ɗaya, na sa masa. Sai na'ura ta shiga juyi. Ranar da aka kwana ana ruwa netwok ba ya da tabbas, kowa ya sani. Muka tsaya muna jira. Shi yana kallon na'urar, leɓensa yana motsi, na san addu'a yake yi kada a ce kuɗin bai isa ba. Ɗazu da ya shigo ba wannan ne a ransa ba. Na ɗaga na'urar sama, na matsa bakin ƙofa, na dawo. Ban iya waiwayawa inda Baba yake ba. Can dai ta yi ƙara ta fito da takarda.

"Ya shiga?" in ji shi.

Na ce ya shiga.

"Alhamdu lillahi. Na gode, Allah ya saka da alheri." Ya cusa ƙunshin cikin rigarsa saboda yayyafi, ya hau bayan mai babur ɗin da ya kawo shi suka tafi.

Baba ya naɗe sauran bandir ɗin a hankali, ya mayar da shi ƙasan kanta, ya rufe da takarda yadda yake yi kullum. Ya ajiye almakashin a kan teburina. Sannan ya shiga laluben takalmansa da ƙafa.

Na ce, "Baba, ko azahar ba a yi ba."

Ya ce, "Zan je gida."

Na ce ya jira in tsayar masa da keke, hanya duk taɓo ce. Ya ce a'a, zai taka. Na tsaya a ƙofa ina kallon sa yana bin gefen katanga yana dafawa, har ya sha kwana.

Bai sake zuwa shago ba. Ba gaba yake yi da ni ba, kada wani ya ɗauka haka. Kullum da safe ina shiga in gaishe shi, ya amsa, ya sa mini albarka. Da yamma in na dawo ya ce, "Yaya kasuwa?" in ce alhamdu lillahi. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. In abokansa suka tambaye shi me ya hana shi fitowa, sai ya ce ƙafa ce. Buzunsa na naɗe shi na sa a bayan kanta, don in na bar shi a shimfiɗe mutane suna ta tambaya.

Shagon bai rufe ba. Ban ce ya farfaɗo ba, amma yana nan, muna ci daga gare shi. Har yau ba na cin ko kwabo a kan alawayyo, wanda ya so ya yarda, wanda bai so ba ya bari. Har yau ina rufe shago ƙarshen wata in je in zauna wurin masu kwamfuta, har yau na'ura tana gutsurar nata a kan kuɗin da ba nawa ba. In aka ce in sake zaɓa, ban ga wata hanyar da zan bi ba, na duba har na gaji da dubawa. Amma ba wanda zai sa ni in ce abin ya yi mini daɗi.

Na biyu da na faɗa wa, ya fi na farko sauƙi. Na bayansa ma haka. Na koyi gajarta maganar, na daina bayani, in faɗa kawai ina kallon na'ura. Na ɗauka iyakar abin ke nan, sai kwanakin baya wani saurayi ya shigo, ɗan cikin birni, na san mahaifinsa. 'Yarsa ce ta rasu, ƙarama, ko yaye ta ba a yi ba. Na auna, na yanka, na naɗe, na faɗi kuɗin yadi. Kafin in ƙara komai ya ɗago da jajayen idanunsa ya ce mini, "Baba, da haraji da caji nawa ke nan duka?"

Na faɗa masa, ya miƙo kati.